Doki a Bakin Ɗari: Bargo, Almakashi da Harawa a Bodinga da Shagari

Da an sallame sallar asuba a tsakiyar watan Janairu, kafin rana ta huda hazo, duk wanda ya bi lungunan Bodinga zai tarar da garin a ƙudundune. Masu fitowa daga masallaci sun ja mayafi har hanci, almajirai sun kewaye wutar kara, mai shayi yana fifita gawayi. Gaisuwar ma ta lokacin ce: a ce maka ina ɗari, ka ce ɗari lokacinsa ne. A bayan wani gida kuwa ga ingarma ɗaure a turke, ya juya wa iska baya, ya sunkuyar da kai, wutsiya a manne. An yafa masa buhunan algarara biyu da aka farke aka haɗe da basilla, an zarga igiya ta ƙarƙashin cikinsa an ƙulle a gefe. Duk numfashin da ya fitar sai ka ga tururi. Yaron da ke kula da shi ya zo da bokiti, hannu ɗaya cikin aljihu, ya ajiye ya koma gindin wuta.

Wannan buhu shi ne abin da ya kawo ni. Ya kamata a rufa wa doki shi? Wane doki, da wane lokaci, a kuma cire yaushe? Gashin da ke ƙarƙashinsa fa, a rage ko a bari? Tambayoyi ne da masu dawaki a ƙasashen sanyi suka daɗe suna kai ruwa rana a kansu, har aka gina kasuwa guda ta barguna da injinan aski. Yanzu hotunansu sun iso wayoyin samarinmu masu sha'awar kilisa, ana ganin dokin Ingila an aske shi tas an sa masa riga mai maɗauri, ana sha'awa. Kafin mu ɗauki abin da muka gani, gara mu san dalilin da ya sa su suke yi, mu kuma duba ko dalilin ya iso nan.

Ƙasar da ta san doki

Bodinga da Shagari suna kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega, kuma ƙasa ce da kofato ya daɗe yana takawa. A Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Bodinga ta yau, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna shekaru kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Bodinga. Shi Malam Abdullahi ne ya jagoranci jama'a a Tabkin Kwatto a 1804, ranar da ba su da dawaki sai 'yan kaɗan, Gobirawa kuwa suka zo da barade da 'yan lifidi. Daga baya daular da aka kafa ta zama ta mahaya, doki ya zama ma'aunin ƙarfin kowane sarki da hakimi. Sarautu irin su Shamaki da Sarkin Zagi daga barga suka fito. Shagari kuma, mahaifar Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, wanda ya shugabanci Najeriya daga 1979 zuwa 1983, gari ne na noma da kiwo, ga madatsar ruwa da ke ba mutane damar noman rani.

Lifidi kansa ya isa shaida cewa rufa wa doki tufa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Madinka sun iya cusa audugar rimi tsakanin ƙyalle biyu su ɗinke layi-layi, su auna wuya da ƙirji da gindi, har rigar ta zauna wa doki daram. Don kibiya da mashi aka yi shi, ba don sanyi ba, amma hannun da ya iya lifidi ba zai gaza ɗinka bargon ɗari ba.

Sanyin ma ba yau ya fara damun dabbobi ba. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya iso Sakkwato a 1824 zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rubuta cewa a ƙarshen Disamban 1823, kan hanyarsu daga Barno zuwa Katagum, sun wayi gari ruwansu ya yi ƙanƙara, dabbobinsu na rawar ɗari. Irin wannan safiya ba kasafai ake samunta ba. Abin da aka saba gani a Sakkwato cikin Disamba da Janairu shi ne zafi ya sauka wajen digiri 15 a ma'aunin Salshiyas kafin fitowar rana, wasu darare ƙasa da haka, musamman a bakin fadama, sannan da azahar ya haye 30. Iska tana kaɗowa daga arewa maso gabas, busasshiya ƙayau, ɗauke da ƙurar da mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Wato cikin yini guda doki yana ratsa yanayi biyu, kuma duk hikimar kula da shi a hunturu tana cikin wannan tazara.

Abin da ya sa Bature yake aski

Gashin sanyi da doki ke fitarwa, gajarcewar yini ce ke kiransa fiye da sanyin kansa. Idan hasken rana ya fara raguwa, ido ya kai wa ƙwaƙwalwa labari, jiki ya shiga toho da gashi mai tsawo da kauri. A Landan yinin Disamba bai cika awa 8 ba, na Yuni kuwa ya wuce awa 16. Dokin da ke kwana a fili a can yakan zama buzu-buzu kamar tunkiya. Muddin ba a aiki da shi, wannan gashi rahama ne: yana miƙewa ya riƙe iska mai ɗumi a jikin fata, maiƙon da ke cikinsa kuma yana tare ruwan sama. Matsala tana zuwa ranar da aka ɗaura masa sirdi. Sai ya yi gumi sharkaf a ƙarƙashin gashin, ya ɗauki awoyi bai bushe ba, ga iska mai kusan daskarar da ruwa.

Shi ya sa suke aski, kuma ba iri ɗaya ba. Dokin da ake ɗan hawa jefi-jefi, ƙarƙashin wuya da ciki kawai ake aske masa, inda gumi ya fi taruwa. Wanda aikinsa ya fi haka a aske masa wuya da gefuna a bar masa gashin baya da ƙafafu. Na farauta ko gasa a aske shi kusan duka, a bar wurin zaman sirdi. Wanda ya aske kuwa ya ɗauki bashi, don ya raba dabba da rigar da Allah ya ba ta, dole ya biya da bargo. Bargunan nasu ma ajin-aji ne, da giram ake auna abin da aka cusa a ciki: akwai marar komai wanda ruwa kawai yake tarewa, akwai mai 100, mai 200, mai 300 zuwa sama. Tsohon samfurin da aka daɗe ana amfani da shi a fili, na tamfol mai shafin ulu, da sunan ƙasar New Zealand aka san shi.

To mu dawo gida. A Bodinga da Shagari bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta a shekara wajen awa ɗaya da rabi ne kawai. Dokinmu, ɗan Arewa ne ko ɗan Barno ko mai jinin Dongola, gashinsa yakan ɗan ƙaru da hunturu ya rage sheƙi, amma ba ya yin tulin da zai hana gumi bushewa. Iskar ma da ke busar da wanki kafin a gama shanya ba ta barin jiƙa ta daɗe. Dalilin askin gaba ɗaya bai iso nan ba. Wanda ya sa inji ya kwashe gashin dokinsa a Disamba don ya yi kama da na hoto, ya tone fatar ne ga sanyin asuba, ga ranar azahar, ga ƙura da ƙudaje, ba tare da ya sami komai a madadin ba. Ina faɗin haka da ƙarfi saboda na ga sha'awar tana yaɗuwa, kuma doki ba shi da bakin cewa a'a.

Akwai inda almakashi yake da hurumi. Rage geza da daidaita wutsiya tsohuwar al'ada ce, 'yan folo ma a Katsina, inda Sarki Muhammadu Dikko ya dasa wasan, Sarki Usman Nagogo ya ɗaukaka shi, da Kano da Kaduna, sukan aske geza don kada ta sarƙe da linzami da sanda. Dawakin da ake shigowa da su daga Ajantina kuwa, inda sanyinsu yake faɗowa a watannin daminarmu, sukan zo da gashin da bai dace da nan ba, a rage musu har jikinsu ya saba. Ana aske kewayen miki ko kirci don magani ya kai ga fata. Akwai kuma tsohon doki da za ka ga gashinsa ya yi tsawo ya nannaɗe, ya ƙi zuba har cikin bazara. Wannan sau da yawa ciwo ne na wata 'yar halitta da ke gindin ƙwaƙwalwa, aski yana sauƙaƙa masa zafi, amma likita yake bukata. Abin da bai kamata a taɓa ba shi ne gashin cikin kunne, wanda shi ke tace ƙura, da dogayen gashin baki da na kewayen ido, waɗanda doki ke lalube da su cikin duhu. Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta hana aske waɗannan gashin lalube tun daga Yulin 2021.

Idan kuwa ka ga doki matashi gashinsa ya tashi ya yi furu-furu, ba sheƙi, kada ka ce gashin sanyi ne. Tsofaffin 'yan barga sun san wannan alama: ko tsutsar ciki, ko yunwa.

Buhu, gwado da bargon gwanjo

Masana a ƙasashen sanyi sukan ce lafiyayyen doki mai cikakken gashi ba ya wahalar riƙe ɗumin jikinsa tsakanin digiri 5 da 25. Bisa wannan lissafi, daren Shagari ba komai ba ne. Sai dai lissafin a kan dawakinsu aka yi shi, masu kitse da kauri, waɗanda suka saba. Namu ya fito daga watannin da zafi ke haye 40, siriri ne, fatarsa ba kauri, jikinsa an gina shi don zubar da zafi. Sannan yawancinsu a turke suke kwana, da dabaibayi a ƙafa. Dokin da ke sake yakan nemi gindin bishiya ko bayan tudu, ya matsa jikin ɗan'uwansa, ya zazzaga in sanyi ya dame shi. Na turke inda aka kafa shi nan zai kwana, ko da nan ne bakin iska. Saboda haka ba na cikin masu cewa rufa wa doki buhu a ƙasar Hausa ɓata lokaci ne.

Ba kowane doki ba ne dai. Ingarma mai ƙiba da ke cin ƙoshi, in aka kafa masa zana ko darnin kara ta arewa da gabas, aka zuba masa busasshen yashi ko ƙaiƙayi a ƙasa, yawancin darare ba ya bukatar ƙari. Masu bukata su ne tsoho wanda haƙoransa suka gaji, da ramamme wanda ake ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa, da mai jinya, da dukushin da aka haifa cikin sanyi, da goɗiya mai shayarwa da jikinta ya zube. Sai kuma wanda aka yi wa aski, ko da dalili ko babu.

Abin rufar ma a duba shi. Buhun algarara yana numfashi, yana shan gumi, ga araha, in aka wanke shi aka kakkaɓe aka yi masa shafi da tsohon zane ta ciki ba abin da ya fi shi. Gwado da luru na saƙar hannu sun yi, bargon gwanjo ma ya yi. Wanda ba shi da kyau shi ne buhun leda irin na taki da shinkafa, da tamfol na roba: suna kulle gumi, doki ya kwana a jiƙe a ciki, asuba ta yi sanyin ya fi na wanda ba a rufa ba. Igiya kuma ita ce ke yawan yin ɓarna. Siririyar igiyar roba da aka ɗaure tamau takan ci fata a bayan ƙafafun gaba, daidai inda majayi ke bi, ranar hawa a rasa inda za a ɗaura. Wadda aka sassauta da yawa kuma, bargo ya zame ya koma ƙarƙashin ciki, doki ya firgita ya yi ta harbi cikin dare, ga dabaibayi. Faffaɗan ƙyalle ake so, a ɗaure yadda tafin hannu zai shige. Kowane doki kuma da nasa, domin bargo yana ɗaukar kirci da ƙazuwa daga wannan ya kai wa wancan.

Babban kuskuren da na fi gani shi ne mantuwa. An rufa da isha'i, yaro ya tafi makaranta ko gona, hantsi ya yi, rana ta take, doki yana nan cikin buhu yana gumi. Gwajin ba wuya: zura hannu ƙarƙashin bargon, bayan kafaɗa inda sirdi ke zama. In ka ji ɗumi a bushe, daidai ne. In ka ji danshi, ya yi yawa, cire. In wurin da sanyi, ko doki yana karkarwa, a ƙara. Taɓa kunne ba ya faɗin gaskiya. Kuma a cire bargon kullum a goge jiki da burushi, a duba kafaɗa da ƙirji ko ya fara cin gashi, don ƙarƙashin bargo rama da miki suke ɓuya.

Wani bincike da aka buga a 2016 daga ƙasar Nowe ya burge ni. Masu binciken sun koya wa dawaki 23 taɓa alluna uku da baki: ɗaya yana nufin a rufa mini, ɗaya a cire mini, ɗaya a bar ni yadda nake. Duk sun koya cikin mako biyu. Ranar da ake rana da ɗumi suka zaɓi a cire, ranar ruwa da iska suka nemi a rufa. Ba mu da alluna a Sifawa ko Danchadi, amma ɗan bargan da ya daɗe da dokinsa ya san wannan magana: akwai daren da doki zai tsaya cak a yafa masa, akwai daren da zai yi ta kaucewa yana kai wa buhun cizo.

Daren da ba na mantawa

Ina saurayi kawuna yana da wani bikili da yake ji da shi kamar ɗansa. Wata ranar Janairu aka zo aronsa don hawan angwanci a wani ƙauye, ya bayar don kunyar masu biki. Aka yi ta sukuwa da shi tun la'asar, ƙarƙashin zubka da jalala da kayan ado masu nauyi, cikin ƙurar dawaki fiye da goma da aka tattaro daga garuruwa. Bayan magariba aka dawo da shi, kumfa har ƙirji. Kawu ba ya gida. Mu yara muka kwance sirdi nan take, muka ga gumi da ƙura sun yi masa kaca-kaca, muka ɗebo ruwan randa muka sheƙa masa, muka ɗaure shi a turkensa na tsakar fili muka shige ɗaki. A zatonmu gata muka yi masa.

Da asuba kawu ya same shi yana karkarwa tun daga wuya har cinya, bai taɓa harawar da aka zuba ba. Bai ɗaga murya ba. Ya cire mayafinsa ya yafa masa, ya sa aka murza jikinsa da busasshiyar ciyawa, ya kama ragama da kansa ya yi ta zagaye da shi har rana ta fito. Kwana biyu sai ga tari da majina. Ya fi wata guda kafin ya koma cin abincinsa sosai, ƙashin bayansa duk ya fito. Daga baya kawu ya zaunar da mu ya nuna mana yadda ake yi: doki in ya dawo da gumi da yamma, a sassauta majayi a bar zubka a kansa, a ja shi a hankali har numfashinsa ya kwanta, a sharce gumin, a murza shi ya bushe, a yafa masa abu mai shan ruwa, in ya jiƙe a sauya. Wanka kuwa sai gobe da rana tsaka.

Yau na san sanyi shi kaɗai ba ya haifar da mura. Ƙwayar cuta ce, kuma mai yiwuwa a wurin bikin ya kwaso ta. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gajiya da ƙurar da ta cika huhu da kwana a jiƙe cikin iska su suka tsaga bangon. Jihar nan ta ga abin da murar dabbobi ke iya yi: a Disamban 2018 aka fara ganin murar dawaki da jakuna a Sakkwato, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom ta tabbatar da ita, cikin watannin da suka biyo baya kuma ta ratsa Nijar da wasu ƙasashen Yammacin Afirka ta kashe dubun dubatar jakuna. Cikin hunturu ta zo, ta bi kasuwanni da hanyoyin fatake. Jaki, wanda gashinsa bai kai na doki tare iska da ruwa ba, shi ya fi jin jiki, kuma shi ne ba wanda ke tunawa da shi in ana rabon buhu. Duk dabbar da ta fara tari da zazzaɓi a ware ta daga sauran, a huta da ita, a nemi ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukuma, in abin ya yi tsanani ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Zafin jikin lafiyayyen doki tsakanin digiri 37.5 da 38.5 yake.

Murhun da ke cikin ciki

A nan nake so in daɗe, don a nan maganar take. Doki yana da babban hanji wanda ƙananan halittu ke dafa ciyawa a cikinsa, wannan dahuwa kuwa zafi take fitarwa, a hankali, awa bayan awa. Gero da dawa da dusa suna ba da ƙarfi, amma ba sa hura wannan murhu kamar ciyawa da harawa. Dokin da aka zuba wa abinci da la'asar ya cinye kafin isha'i, zuwa asuba, lokacin da sanyi ya fi tsanani, cikinsa wayam, murhun ya mutu. Wanda aka ƙara wa rungume guda na ingirici kafin a kwanta, yana tauna har asuba, yana ɗumama kansa. Ƙa'idar da likitoci ke bayarwa ita ce busasshen abinci mai kara da ganye kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyin dabba a yini. Dokin da ya kai kilo 350 ke nan yana neman wajen kilo 7.

Faɗa da sauƙi. Duk wanda ya bi hanyar Bodinga zuwa Shagari da kaka ya ga harawar wake da ta gyaɗa an naɗe dami-dami an ɗora bisa rufin soro da rassan bishiya, nesa da bakin awaki. Wannan dukiya ce, kuma masu nemanta da yawa: mai turkar rago, mai shanun huɗa, mai raƙumi, da dillalin da zai loda ta a mota ya kai birni. Kuɗinta yana hawa tun daga girbi har faɗuwar ruwa. Mai dokin da bai tanada da kaka ba, zuwa Janairu ya fara awo da hannu, zuwa Maris doki ya koma cin kara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na sha ganin doki da kayan hawa na ɗaruruwan dubbai a rataye a zaure, shi kuwa yana tsaye a bayan gida yana lasar ƙasa, kuma wannan abu yana ci mini rai. Idan kuɗin mutum ba zai kai bargo da harawa duka ba, ya sayi harawa.

Sai ruwa. Da sanyi doki yakan rage sha, ga abincinsa duk busasshe, ga iska tana zuƙe danshin jikinsa ba tare da an ga gumi ba. Nan ne ciwon ciki ke samun ƙofa: abinci ya cushe a hanji, doki ya fara tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana birgima. Doki yana bukatar lita 20 zuwa 40 a yini, fiye da haka in ya yi aiki. Ruwan da ya kwana a duro ko bokiti a fili yakan yi sanyin da doki zai sunsuna ya ɗauke kai. Wanda aka jawo daga rijiya yanzu-yanzu kuwa da ɗuminsa yake fitowa, kowace mace mai ɗiban ruwan asuba ta san haka, kuma shi doki ya fi sha. 'Yar kanwa ko gishiri da aka saba ba shi tana ƙara masa ƙishirwa mai amfani, in ba a zarce ba. A yayyafa wa harawa ruwa kafin a zuba don ƙura ta kwanta, a kuma zuba a komi ko bisa buhu, domin dokin da ke tsintar abinci cikin yashi yana haɗiye yashin, ya taru masa a ciki.

Kofato yakan tsage da hunturu kamar yadda kaushi ke tsaga diddigen mutum. Man shanu ko man kaɗe sun wadatar. Baƙin man inji da wasu ke shafawa guba ne ga fata. Ido in ya yi kwantsa saboda ƙura a wanke da ruwa mai tsabta. Wuta kuma, wadda wasu ke hurawa kusa da turke don ɗumi, ita ce abin tsoro mafi girma. Iska tana kaɗawa, zana a bushe, harawa a bisa, dabba a ɗaure ba ta iya gudu. Hayaƙin ma yana ƙara wa huhun da ƙura ta riga ta gajiyar.

Akwai dalilin da ya sa maganar nan ta fi matsowa yanzu. Watannin Musulunci suna ja da baya kimanin kwana 11 kowace shekara. Ƙaramar Sallah ta 2025 a ƙarshen Maris aka yi ta, zuwa 2030 za ta faɗo farkon Fabrairu, daga nan ta shige Janairu da Disamba. Rabon da a yi Ƙaramar Sallah a tsakiyar ɗari tun wajen 1998 zuwa 2002, Babbar Sallah kuma wajen 2005 zuwa 2008. Yawancin samarin da ke riƙe da ragama yau ba su yi wayo ba a lokacin, ko ba a haife su ba. Hawan da suka sani na zafi ne, inda ake dawowa a sheƙa wa doki ruwa ya ji daɗi. Nan da 'yan shekaru za su riƙa dawowa daga hawa da yamma, dawaki jiƙe ƙarƙashin kaya masu nauyi, iskar arewa na jiransu a turke. Dattawan da suka yi wancan zamani suna nan da ransu a gidajen sarauta na Bodinga da Sifawa da Danchadi da Shagari, kuma yanzu ne ya kamata a zauna gabansu a tambaya.

A bayan gidan nan na Bodinga hantsi ya ɗaga, hazo ya fara yin fari. Yaron ya dawo daga gindin wuta ya kwance igiyar, ya janye buhun ya kakkaɓe, ya shanya shi bisa darni. Ya zubar da ruwan bokitin da dokin ya ƙi sha, ya nufi rijiya. Ingarman ya girgiza jiki tun daga geza har wutsiya, ƙura ta tashi, ya juya gefensa ga rana.